Mai Gyaran Agogo da Matar Mai-dami

Duk abin da ka miƙa masa, sai ya fara kai shi kunne. Agogo ne, ƙwai ne, wasiƙa ce, duk ɗaya. Zai karkatar da kai, ya lumshe ido, ya ɗan yi jim, sannan ya dubi abin. Ranar da aka haifi 'yarsa ta fari, ungozoma ta miƙo masa ita a cikin zane, ya ɗora kunne a ƙirjinta ya ce, "Tana tafiya daidai." Ƙanwata ce mai jegon, kuma har suka tsufa ba ta daina yi masa gorin wannan magana ba.

Gyaran agogo ne sana'arsa. Rumfarsa na bakin tashar mota, manne da tawa, inda nake yankan makulli. Katako ɗaya ne tsakaninmu, shekara talatin da 'yan kai. Direbobi suna kiransa Minti-biyar, don ko babbar mota ce ta taka agogonka, abin da zai ce maka ke nan: "Zauna, minti biyar." Akwai waɗanda suka yi zaman mako biyu. Teburinsa ƙarami ne, ya shimfiɗa masa farin ƙyalle don kada ƙananan kusoshi su ɓace. A kai akwai matsefata uku, sukundireba sirara kamar tsinke, buroshi mai laushi, reza, da madubin nan mai baƙin baki da yake maƙalawa a idon dama. A ƙarƙashi akwai durowa goma sha biyu. Bayan rumfar kuma shingen ƙaya ne da ya raba tasha da titi.

Daga shingen nan abin ya faɗo. Wata rana da hantsi ya buɗe wani agogo, ya jera kayan cikinsa a kan ƙyalle, sai iska ta jefo wani ɗan ƙullin tsinkaye a gefen tebur, bai fi tsawon ƙaramin yatsa ba. Ya kai hannu zai share, sai ƙullin ya miƙe ya kama tafiya. Ya ratsa tsakanin kusoshi yana rangaji kamar mai dawowa daga daji da kayan itace.

"Yaya," ya ce ta jikin katako, "leƙo ka ga itace yana tafiya."

Kafin in zagayo ya riga ya kai shi kunne.

"Da mai rai a ciki. Tana aiki."

Ya sa madubi. Tsutsa ce, baƙin kai da ƙafafu shida ne kawai ke fitowa ta sama, sauran jikin yana ciki. Da ya taɓa ta da matsefata sai ta shige, ta zuge bakin kamar mazagin wando. Ya ƙirga tsinkayen a hankali, bakinsa na motsi.

"Goma sha huɗu. Duk tsawo ɗaya. Ta jera su, ta ɗinke su da zare ta ciki. Yaya, ba ta da ma'auni, ba ta da reza."

Mai agogon da ke zaune a benci ya yi gyaran murya.

"Minti biyar," in ji shi, bai ko waiwayo ba.

Babu wanda ya san sunan abin a duk tashar. Shi ya raɗa mata Mai-dami, sunan kuwa ya zauna. Ya sa ta a kwalba, kullum da safe ya tsinko mata ganye daga shinge. Ya sayi ɗan littafi, ya shiga rubuta abin da ya gani, kowane layi da ƙarfe kaza da minti kaza, don mutumin ba ya iya rubuta komai ba tare da lokaci ba. Ba ta taɓa barin gidanta. Idan ta ƙara girma sai ta tsaga gefe, ta ƙara tsinke mai tsawo, ta ɗinke. Kashinta ta wata 'yar kafa a ƙasa take zubarwa. Da ya ba ƙanwata wannan labari, tana kan keken ɗinkinta, sai ta ce, "To ta fi wasu 'yan haya da na sani tsabta." Tela yake kiranta, ita kuma ta ce masa Malam.

Bayan wasu watanni tsutsar ta ɗaure gidanta a jikin reshe da zare mai kauri, ta rufe baki, ta yi shiru. Ya kai kunne, babu komai. Ranar nan bai yi wa kowa fara'a ba. Amma aiki ya yi masa yawa a makonnin, kwalbar ta zauna a lungu, har kwana ashirin da huɗu. Ran na ashirin da huɗu, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, na ji kujerarsa ta faɗi.

Wani baƙin ɓawo ne ya leƙo ta ƙasan damin, ya tsage. Daga ciki wani ɗan ƙwaro ya fito, baƙi, mai gashi, da ƙahoni biyu kamar mataji. Ya tsaya ya bushe, sannan ya kaɗa fukafukai da ƙarfi har kwalbar tana ruri. Da ya natsu, fukafukan sun zama garau kamar gilashin agogo.

Nan fa gardama ta tashi a bakin rumfa. Wani direban babbar mota da ake kira Ba-birki ya ce ƙuda ne ya ƙoshi. Mai shayi ya ce ɗan'uwan ƙudan zuma ne, a matsa kada ya yi harbi. Minti-biyar kuwa hankalinsa na kan kwalba. Ya lura da wata baƙar ƙura da ta manne a jikin kwalbar bayan kaɗa fukafukan. Ya lakato ta da bakin allura, ya ɗora a farin ƙyalle, ya sa madubi.

"Ba ƙura ba ce. Ɓawo ne, irin na kifi, ƙanana. Da su ya fito, ya kakkaɓe."

Wani malamin makaranta da ya kawo gyaran maɗaurin agogo ya karɓi madubin ya duba. Ya ce duk ƙwaron da fukafukansa ke da irin wannan ɓawo, dangin malam-buɗe-littafi ne da faɗa-wuta. Wannan dai faɗa-wuta ne, ko da yake da rana ya fito, kuma ƙahonin nan masu kama da mataji alamar namiji ce. Iya saninsa ke nan, in ji shi.

Minti-biyar ya sa wa baƙon nasa ruwan sukari a murfin kwalba. Bai ko kalla ba. Da ya duba da madubi, ashe ba shi da bakin cin abinci ma. Kwana biyu ya yi ya mutu.

"Wata da watanni yana gini," ya ce da ni, "don kwana biyu. Me yake fitowa nema da gaggawa haka?"

"Abin da ya kai ka gidanmu sau tara a mako guda," na ce.

Ya yi dariya, sannan ya daina.

"To ina matar take?"

Tambayar da ta cinye masa shekara tara ke nan.

Ya samo taswirar hanyoyi daga gidan mai, ya manna a bangon rumfa. Duk direban da ya kawo gyara, sai ya ba shi kwalin ashana fanko, ya ce idan ya tsaya a hanya ya dubi bishiyoyi. Da farko suna yi masa dariya. Daga baya abin ya zama gasa. Sai ka ga ƙato ya sauko daga mota, ƙura har gira, bai nemi ruwa ba, ya nufo rumfa da kwalin ashana a tafin hannu kamar ya ɗauko ƙwai. Minti-biyar ya kai kunne, ya tambayi wace hanya, kusa da wane dutsen mil, a kan wace bishiya, sannan ya soka allura a taswira.

A hankali allurai suka fara magana. A hanyar yashi Mai-dami tana da yawa, kuma da ƙaya take gini. A hanyar gonaki da karan ciyawa take yi, damin ya fi sauƙi. A hanyar duwatsu ana samunta har wani gangare, daga nan sama babu. A hanyar kogi kuwa tana nan birjik har bakin babbar gada, amma a tsallake ko ɗaya, alhali bishiyoyin iri ɗaya ne. Ba-birki ya tsaya a tsallaken nan ya fi sau ashirin, har ya taɓa yaga riga a ƙaya.

"Na rantse maka babu, Minti-biyar. Ko takardar ƙetare gada ce ba su da ita."

"Abu mai fukafukai, gada ta hana shi?"

"Ni dai direba ne. An ga amaryar kuwa?"

Kowa da wannan yake gaishe shi. Don kuwa duk wanda ya fito daga dami, namiji ne. Shekara ta farko bakwai, ta biyu goma sha tara, haka dai, duk masu ƙahon mataji. Ya yi ta haɗa su a kwalba ɗaya ko wani zai yi ƙwai. Su yi ruri kwana biyu su mutu.

Sauran damunan kuma, kusan rabi, ba abin da ke fitowa daga cikinsu. A nan sana'a ta shigo. Mai gyaran agogo yana da ƙa'ida: abin da ya tsaya, a buɗe shi. Tunda ya san kwana ashirin da huɗu ne, sai ya ƙara musu uku na alfarma. Ran na ashirin da takwas ya kai kunne, in shiru, ya ɗauki reza ya tsaga. Kullum abu ɗaya yake samu: a cikin ɓawo, wani abu mai taushi, fari-fari, ba ido, ba ƙafar kirki, ba fiffike. Ya girgiza kai ya ce wannan ta lalace a hanya. Ya share da buroshi ya jefa wa kajin mai shayi. Damin kuma ba ya yarwa, don mai agogo ba ya yar da gida mai kyau. Durowa ta goma sha biyu ya ware musu, ya rubuta a jiki: matattu.

Ƙanwata ta taɓa leƙa durowar nan wata rana da ta kawo masa abinci.

"Malam, me ya sa manyan ne kullum suke lalacewa?"

"Haɗama," in ji shi. "Sun cika ci."

Ta dube shi, ta dubi tumbinsa, ta tattara kwanuka.

A shekara ta bakwai idon dama ya fara ba shi wahala, wanda ya sha madubi tun yana saurayi. Kafin ya yarda ya je asibiti ya riga ya tafi. Ya mayar da madubi hagu. A shekara ta tara na hagun ma ya fara rufewa daga gefe. Ya ce mini kamar yana leƙen duniya ta cikin bututu, kuma kowane wata bututun yana ƙara tsukewa. Likita ya ce za a yi aiki, ba don a dawo da abin da ya tafi ba, sai don a ja wa sauran lokaci. Shekara ɗaya, ko biyu in an yi sa'a.

Ranar da muka dawo daga ganin likita bai buɗe rumfa ba. Muka zauna a benci.

"Agogo na gani, Yaya, har na ƙoshi. Yara na gan su sun girma. Fuskar Tela ko a duhu na san ta. Abu ɗaya ya rage. Ina so in ga matar nan da idona kafin a sauke labule."

Aka yi aiki daidai lokacin da masu-dami suke rufe baki. Likita ya ɗaure idon da bandeji, ya kafa doka: ba sunkuyo, ba aiki, ba madubi. Ƙanwata ba ta yarda da alkawarin mijinta ba. Ta je rumfa ta kwaso reza, matsefata da madubi, ta zuba a akwatin keken ɗinkinta, ta kulle, ta rataya makullin a wuya. Kwalabe kuma ta ce sun cika mata ɗaki, tana tuntuɓe da su. Ta fito da rassan, damuna ashirin da shida, ta rataye su a igiyar shanya a baranda, kowane da 'yar takardarsa ta kwanan wata.

Ƙananan suka fashe, maza suka fito suka tashi abinsu. Manyan suka yi shiru. Shi kuwa yana zaune a kujera, ido ɗaya matacce, ɗaya a ɗaure, yana ƙirga kwana da yatsu. Da na je duba shi ya jawo hannuna.

"Yaya, yau kwana ashirin da tara. Akwai guda takwas da suka tsaya. Kai mai yankan makulli ne. Ɗan makullin akwatin keke, ai ba aiki ba ne a wurinka."

"Na girme ta da shekara shida," na ce, "amma ban taɓa yin galaba a kanta a faɗa ba."

"Ina jin ku," in ji ta daga ɗakin girki.

Washegari da yamma na koma. Muna baranda mu uku, ta kawo shayi. Ana cikin hira sai ya ɗaga hannu.

"Ku yi shiru."

Ba mu ji komai ba. Ya karkatar da kai kamar yadda yake yi wa agogo.

"Namiji ne. Daga wajen katanga yake zuwa. Ga wani. Tela, ƙarfe nawa?"

"Huɗu da kwata."

Sai ga su. Ɗaya, biyu, biyar, daga baya muka daina ƙirga. Baƙaƙe, fukafukai na walƙiya a rana, suna zuwa a karkace kamar masu bin ƙamshi. Ba su kula shayi ba, ba su kula mu ba. Duk suka nufi igiyar shanya.

"Ku faɗa mini. Me suke yi? Ina suka sauka?"

"Suna zagaya dami ɗaya," in ji ƙanwata. Ta ajiye buta ta matsa kusa.

"Wanne?"

"Babban nan na ƙarshe. Mai ƙaya."

"Wannan ya tsaya. Matacce ne."

"To ka faɗa musu, don ba su sani ba. Ga ɗaya ya kama ƙasan damin. Yana ture 'yan'uwansa. Malam, jikinsa yana ƙara tsawo, kamar ana jan roba. Yana cusa bayansa ta 'yar kafar nan. Ya shige har rabi." Ta dube ni, ta kawar da kai. "Yaya, ka ci gaba da bayani, ni da sauran kunya."

Na ce ai bayani ya ƙare. Sauran mazan suna ta ruri, wanda ya samu shiga ya yi lamo, fukafukai a buɗe.

Ya miƙe tsaye, bai san ya miƙe ba. Shayi ya zube a ƙafarsa.

"Tana ciki," ya ce. "Ba ta fitowa. Ba ta taɓa fitowa ba. Shi ke zuwa."

Ya yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har ƙanwata ta riƙe shi tana cewa zai ɓalle ɗinkin ido. Ya lalubo kafaɗata ya girgiza ni. Sannan dariyar ta yanke. Ya koma ya zauna a hankali.

"Yaya, damuna nawa ne a durowa ta goma sha biyu?"

Shi da kansa ya san adadin, yana cikin littafi.

"Ɗari biyu da goma sha ɗaya. Sau ɗari biyu da goma sha ɗaya na riƙe ta a bakin matsefata. Na ba kaji."

Ƙanwata ta ɗauki tsumma tana goge masa ƙafa.

"Rashin sani ne, kaza ta kwana a kan dami," ta ce. "Sai dai naka kajin ba su kwana da yunwa ba. Mai shayi ya kamata ya zo ya yi godiya."

Ya murmusa.

"Ke kika ce manyan ne."

"Na faɗa. Ka ce haɗama."

Ya roƙi makulli, ta hana. Kwana biyar suka rage a kwance bandeji, kuma kwana biyar ɗin nan ya yi su kamar a kan ƙaya. Kullum da yamma yana baranda yana saurare. Maza suka zo wa dami na biyu, na uku, har na shida. Yana ƙirga yana cewa za su ƙare kafin a buɗe shi. Ranar da aka kwance, ko gida ba mu shiga sosai ba ya nufi igiya. Ƙarfe huɗu da minti ashirin suka zo wa na bakwai. Ya tsaya a gabansa, hanci kusan yana taɓa ƙaya, yana juya kai don ya sa abin a cikin ɗan bututun da ya rage masa. Yana nan tsaye har namijin ya saki ya tashi.

Da safe ƙanwata ta cire makullin daga wuya da kanta. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin keke, kusa da taga. Ya ɗauki reza. Wannan karon bai tsaga damin nan na bakwai gida biyu ba. Ya bi tsakanin tsinke biyu, ya yanka 'yar taga, ya ɗaga da matsefata kamar mai buɗe bayan agogon zinariya. Ya sa madubi a idon hagu.

Ya daɗe. Na ji agogunan bango suna ta bugawa, don gidan nan akwai su goma sha huɗu, duk na mutanen da suka kawo gyara ba su dawo ba, shi yake saita su kowace safiya.

"Ga ta," ya ce a hankali. "Tana motsi. Akwai wani gashi mai laushi a bayanta kamar auduga. Tana zuba ƙwai a cikin ɓawon da ta kwanta a ciki. Yaya, ƙwai ne cike. Duk jikinta ƙwai ne." Ya sauke madubin, ya goge ido, ya mayar. "Gani ya kori ji. Sannu, baiwar Allah. Ki yafe mini."

"Ka rufe mata ɗaki haka nan," in ji ƙanwata. Ta zare siririn zare, ta ɗinke 'yar tagar da ɗinki shida, ta ciza zaren. Aka mayar da damin igiya.

Labari ya kai tasha kafin mu kai. Ba-birki ya shigo yana danna ƙahon mota tun daga ƙofa. Mai shayi ya ba kowa shayi ranar, ya ce kajinsa ne suka ɗauki nauyi.

Bayan wata biyu wata mata ta kawo agogon mahaifinta marigayi. Tana jiran minti biyar ɗinta sai idonta ya kai kan taswira. Ta tambayi alluran mene ne. Ya jawo durowa. Ashe malama ce a kwaleji, ƙwari take koyarwa. Ta zauna a benci ta manta da agogo.

Ta ce malamin makaranta ya yi gaskiya, faɗa-wuta ne. A cikin faɗa-wuta akwai gida guda na masu ɗaukar jaka, masana suna kiransa Psychidae, iri fiye da dubu a duniya, kowane da irin gininsa. Da yawa daga cikinsu matan ba su da fukafukai, a cikin jaka suke ƙare rayuwa.

"Ashe an sani," ya ce. Muryarsa ta yi ƙasa.

"An san gidan, Baba. Wannan ɗin ne ban sani ba, kuma ban ga wanda ya bi shi hanya-hanya haka ba." Tana juya shafukan littafinsa da sauri. "Ƙarfe huɗu da goma. Huɗu da kwata. Shekara tara. Wa ya koya maka wannan?"

"Agogo."

Ya tambaye ta abin da ke cin sa: in uwa ba ta tashi, yaya suke yaɗuwa? Ta ce 'ya'yan ne. Suna ƙyanƙyashewa sai su saki zare, iska ta ɗauke su. Ba-birki yana tsaye yana saurare, sai ya ce shi dai duk sanda ya bi gadar nan a farkon damina, iska daga tsallake take bugo masa gilashi. Malamar da Minti-biyar suka dubi juna, suka dubi taswira.

"Mai yiwuwa iskar ce ke hana su ƙetare gadar," ta ce. "Amma sai an san yaushe suke fitowa. Wace rana, ƙarfe nawa, iska tana ina. Shi kaɗai ne babu a littafinka."

"Minti biyar," in ji shi.

Ya je gida ya sake wa dami mai ɗinki takarda. Ya rubuta ranar da namiji ya zo da lokacin, da manyan baƙaƙe, don lokacin nan ƙanana sun fi ƙarfinsa. A ƙasa ya ja layi biyu, ɗaya na rana, ɗaya na ƙarfe. Kowace safiya ya saita agogunan bango, yawanci da lalube, sannan ya fito baranda ya kai damin kunne. Wata ɗaya, biyu, huɗu. Ƙwan suna jiran sabon ganye. Ya rage zuwa rumfa. Agogona na hannu ya fara latti, na kai masa gida, ya buɗe bayansa a kan teburin keke, ya ce in zauna.

A makon nan zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai yi kwana goma ba.

Bayan kwana ashirin da rasuwarsa aka yi ruwan farko. Kwana uku da ruwan, da safe, ƙanwata ta aiko a kira ni, wai in zo yadda nake. Na same ta a baranda, hannu a baki.

Daga ƙasan dami mai ɗinki zaruruwa ne suke sauka, ɗaruruwa, suna ƙyalli. A bakin kowane zare akwai ɗan baƙin ɗigo kamar kan allura, yana motsi. Wasu sun sauka a kan reshe, har sun fara ɓantarar ɓawon itace suna kifa wa kansu 'yar hula, suna tafiya da ita a tsaye. Iska ta taso daga wajen katanga, ta ɗebi wasu da zarensu, ta haura da su saman rufi. Ƙanwata tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi.

"Dubi wancan, Yaya. Ko tafiya bai iya ba ya fara gini. Gadon gida."

Mun daɗe a tsaye. Sai da zaren suka ragu ta tuna.

"Ƙarfe nawa suka fara?"

Na dubi hannuna, babu komai. Muka shiga ɗaki. Agogo goma sha huɗu a bango, wata guda babu mai saita su. Shida sun tsaya. Ɗaya ya ce bakwai da rabi, ɗaya tara saura, wani ya ce sha ɗaya. Nawa yana kan teburin keke, a kan farin ƙyalle, bayansa a buɗe, kusoshinsa huɗu a jere.

Ta ɗauko fensirinsa, ta rubuta ranar a layi na farko, ta ƙara da cewa iska daga wajen katanga take. Ta tsaya a kan na biyu.

"In sa tara?" ta ce.

"Da shi ne, zai sa?"

Ta mayar da fensirin cikin littafi. Takardar tana nan a igiya, layin ƙarfe babu komai a kai.